Kwalayen Kifin Malam Ɗan'ige

Duk wanda ya yi karatu a kwalejinmu ta Yawuri a shekarun da jihar Kebbi ke rarrafe, bai taɓa buƙatar a nuna masa ofishin Malam Ɗan'ige ba. Hanci ne ke kai mutum. Kana hawa barandar sashen koyon aikin malanta ƙaurin bandar kifi zai tare ka, sai ka bi shi kawai, inda ya fi ƙarfi nan ce ƙofar. In kuma mura ta toshe maka hanci, to ka bi kyanwa, ita ma can ta nufa.

Ku da kuka zauna ajinsa kun san dalili, amma tunda 'ya'yanmu ma za su karanta wannan, bari in faɗa. Kowace ranar kasuwa Malam zai gangara bakin ruwa wurin masu ɗaure banda. Ba kifi yake zuwa saye ba, Allah ya kiyaye, kwalin da aka gama da shi yake roƙo. Ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, in ya yi masa ya saɓa a kafaɗa ya hawo gari da shi tsakiyar jama'a, babban malami guda da babbar riga. A cikin kwalayen nan yake ajiye mu. Kowane ɗalibi da ƙunshinsa, ɗaure da zaren koma, wato ragar masunta, kuma duk takardar da hannunka ya taɓa rubutawa tun ranar da ka shigo har ranar da za ka fita tana ciki. Aikin aji, tsarin darasi, rahoton koyarwar gwaji, har takardar da ka rubuta ta ƙaryar ciwon ciki ranar jarrabawa.

Na taɓa tambayarsa me ya sa sai kwalin kifi.

Ya ce, "Gara ba ta son hayaƙi."

Na ce, "Amma ɓera na son kifi, Malam."

Ya ce, "Shi ya sa Allah ya yi kyanwa. Da saura wata tambaya ta banza?"

Ni Isiya ne, na Warra, in akwai wanda ya manta. Wanda Malam bai taɓa kira da sunansa ba sai "ɗan Warra". Mahaifina masunci ne, kakana masunci, ni kuwa Allah ya yi ni da cikin da ba ya shiri da ruwa. Jirgi na barin gaɓa zan fara amai, har 'yan'uwana suka ce kifin tafkin Kainji ya fi ƙoshi ranar da aka fita da ni. Ranar da zan taho kwaleji Baba ya raka ni tasha, ya ce, "Na ba ka shekara ukku. Ka komo da takarda, ko ka komo ga jirgi. Filafilinka na tuƙi na nan rataye, ba ni ba kowa shi." Don haka sauran ɗalibai ilimi suka zo nema, ni gudun hijira na yo.

Ranar farko a aji Malam ya shigo bai ko amsa gaisuwa ba, ya ce kowa ya rubuta masa labarin garinsu. Na rubuta nawa, na miƙa ina ji da kaina. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya zaro jan biro ya rubuta kalma biyu a ƙasa: "Da saura."

Kun san kalmomin nan. Wasunku har yau in sun ji su a kasuwa sai gabansu ya faɗi. Malam bai san "madalla" ba, bai san "ya yi kyau" ba. Ka kwana bakwai kana gyara aiki, ka kawo, "Da saura." Ka tambaye shi mene ne ya saura, ya ce da ya sani ai da shi ya rubuta. Wata rana shugaban kwaleji ya aika wa malamai takardar sanarwar taro, ta Malam ta koma masa da jan biro a gindinta. Shugaba ya kira shi a fusace, Malam ya ce shi bai ga laifi ba, ai taimako ne, kuma in an gyara a sake kawo masa ya duba.

Na yi shekara biyu ina farautar kalma ɗaya ta yabo daga bakin mutumin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na tsane shi wasu ranaku, amma ko da na tsane shi, shi nake rubuta wa.

Muna shekara ta uku aka kawo kwamfuta. Guda ɗaya tak. Aka ware mata ɗaki, aka ɗinka mata riga, aka ce sai an cire takalmi kafin a shiga gaishe ta. Mai kula da ita Mista Yohanna ne, malamin lissafi, mutumin Shanga, wanda aka aika Sakkwato ya koyo aikinta. Mutum ne mai kirki da haƙuri, kuma Allah ya jarrabe shi da Malam Ɗan'ige ne don ya ɗaga darajarsa. Sai shugaba ya tara mu da malamai ya ce zamani ya zo: daga bana kundin kowane ɗalibi kwamfuta zai shiga, a zuba shi a faifai, wani ɗan abu baƙi mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba. Masu duba aiki da za su zo daga jami'a a ƙarshen shekara a fuskar kwamfuta za su gan mu, da kundin nan za a ba mutum takardar shaida ko a hana shi.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. "Yohanna, gwada mani wanga abu."

Mista Yohanna ya zauna, ya buga jimla guda, ya yi kuskure da gangan, ya danna wani wuri, kuskuren ya ɓace. Ya juyo yana murmushi. "Ka gani, Malam? Ko alama babu. Yaro zai gyara aikinsa ya fito tsaf."

"Kuskuren ina yat tahi?"

"Ya goge, Malam."

"Ya goge ya tahi ina?"

"Babu shi ke nan."

Malam ya dafe kai. "Inna lillahi! To ni mi za ni karantawa? In yaro ya zo mani sumul awa ƙwai, ta ina za ni sanin inda yaf fito da inda ya kai?" Ya karɓi faifai ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya mayar. "Abin da gara ba ta iya ci, ni ban yarda akwai abinci cikinai ba."

Aka yi dariya, amma shugaba bai yi ba. Ya ce a kwashe kwalayen nan a ƙone, sun ishi kowa da wari, baƙi na zuwa suna zaton sashen kiwon kifi ne. Malam ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya kamata a ce tun a nan hankalin kowa ya tashi, domin mutumin da ke jayayya da mai kiran salla kan lokaci bai taɓa cewa "to" haka kawai ba. Washegari aka ga amalanke ya yi sawu shida zuwa gidansa, da yamma kuma hayaƙi ya turnuƙe bayan gidan. Shugaba ya gani daga nesa, ya gamsu.

Haka muka shiga zamani. Mu arba'in da 'yan kai, kwamfuta ɗaya, wuta kuma sai ta ga dama. Ka rubuta aikinka da hannu, ka bi layi, in ya zo kanka ka zauna kana farautar haruffa da yatsa ɗaya. Kana fitowa Malam na tsaye a bakin ƙofa da hannu a miƙe: "Kawo ta hannun, za ni ƙone ta." Cikin kwamfutar kuma ƙarami ne, saboda haka da an zuba naka a faifai sai Mista Yohanna ya share don na baya ya sami wuri. Faifan nan shi ne kai, shi ne shekara ukunka. Da yake Malam ne kaɗai ke da kabad ɗin ƙarfe mai makulli, wanda kwalaye suka bar masa fayau, sai shugaba cikin hikimarsa ya ce shi zai riƙa ajiye faya-fayan.

Da a ce ƙiyayya ce ta sa Malam ya yi abin da ya yi, da da sauƙi. Kulawa ce ta kashe mu.

Kun tuna shanya? Duk shekara, da ruwan ƙarshe ya ɗauke, Malam kan fito da kwalayensa fili, a baje takardu a rana a danne da duwatsu, don danshin damina ya fita. Mu kuma a raba mu gadi, wasu na korar awaki, wasu na bin takardar da iska ta ɗauka. To a wannan shekara babu takardu, amma damina ba ta san da haka ba. Malam ya buɗe kabad ya ji warin danshi, ya ga fumfuna ta fara taɓa bayan wani faifai. Amana ce aka ba shi. Ya samo fallen kwano, ya shimfiɗa a tsakiyar fili, ya jera faya-fayanmu a kai ɗaya bayan ɗaya, cikin ranar Yawuri ta bayan damina, wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Tun hantsi har la'asar. Da azahar ma sai da ya fito ya juya su, kada wani gefe ya ce an yi masa rashin adalci.

Ina cikin waɗanda suka ga dawowar Mista Yohanna daga aji. Ya tsaya, ya dubi kwanon, ya ɗauki faifai ɗaya da gefen rigarsa don zafi. Ya lanƙwashe kamar bandar tarwaɗa. Ya ruga ɗakin kwamfuta, ko takalmi bai cire ba, ya yi ta turawa, bakin kwamfuta ya ƙi karɓa. Ya gwada na biyu, na biyar, na goma. Waɗanda suka daure suka shiga, kwamfuta ta yi ta gurnani ta ce ba ta san su ba. Bawan Allah ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce, "Yesu! Malam, me ka yi?"

Malam ya leƙo, ya taɓa ɗaya, ya ce, "Sun dai bushe."

Saura kwana uku masu duba aiki su iso. Yanzu muna dariya, amma ranar ban yi ba. Na zagaya bayan ɗakin taro na yi kuka sosai, irin na yara, domin filafilin nan kawai nake gani rataye a bangon zaurenmu. Da na share ido na tafi ofishinsa na faɗa masa maganar da ban taɓa zaton zan faɗa wa malami ba. Na ce ya kashe ni, na ce taurin kansa ya mayar da ni ruwa, na ce shi ya gama nasa karatun shi ya sa bai damu da na 'ya'yan mutane ba. Ya bar ni na gama tas.

Sannan ya ce, "Ɗan Warra, ka iya tura amalanke?"

Muka isa gidansa. Matarsa, Inna Kulu, na ganin amalanke ta ajiye muciya ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Ku kwashe, ɗiyana, ku kwashe! Wata bakwai muna kwana da dawa cikin ɗaki, ɓeraye na sukuwa bisa ƙahwahuna, shi ko ya ba takardu rumbu!"

Ashe haka aka yi. Ya fitar da dawar gidan daga rumbu ya jibge a ɗakin kwana, ya shirya kwalayensa a ciki, ya liƙe. Hayaƙin da shugaba ya gani kuwa tsofaffin tabarmin Inna ne da karan dawa. Ga ƙunshinmu nan duka, har da takardun hannu na bana da yake karɓa a bakin ƙofa, kowacce ya sa ta inda ya dace, kowacce da jan bironta. Na tsaya ina kallo, kunya ta rufe ni. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce in rufe, ƙuda na shiga, in kama kwali.

Ranar duba aiki wata Dakta ce ta jagoranci baƙin, mace mai tabarau da ba ta dariya. An gaya mata za ta ga kwamfuta, sai ta tarar da kwalaye goma sha wani abu da kyanwa biyu. Ta toshe hanci da hankici ta fara aiki. Shugaba na gefe yana kallon silin, ya rasa ko ya kori Malam ko ya rungume shi.

Da aka zo kaina ta ɗauki babban aikina na ƙarshe. Na yi shi ne kan 'ya'yan masunta da ke barin aji in lokacin kifi ya kama, da yadda na koya musu lissafi da idon koma lokacin koyarwar gwaji a wani ƙauye na Ngaski. Ta karanta shafi huɗu, ta jawo takardar sakamakon da na shigo kwaleji da shi, ta duba wannan, ta duba wancan, ta cire tabarau.

"Wa ya rubuta maka?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Wanda ya shigo da wannan sakamako ba zai rubuta wannan ba. Ka faɗi gaskiya tun kafin in soke sunanka."

Ba ni da shaida sai rantsuwa, rantsuwa kuwa kowane ɓarawo na da ita. Sai na ji kujerar Malam ta motsa. Ya kwance zaren ƙunshina a hankali, ya zaro takarda ta can ƙasa, wadda ta yi ja don tsufa, ya gyara murya kamar mai huɗuba, ya karanta a gaban ajinmu duka da baƙi da shugaba:

"Garinmu Warra ne. Akwai ruwa. Akwai kifi. Wanda bai yarda ba ya zo ya gani."

Ya juya bayan takardar, ya nuna wa jama'a babu ƙari. Ɗakin ya kece da dariya, har Dakta sai da kafaɗarta ta girgiza. Na so ƙasa ta tsage.

Malam ya ce, "Wanga shi na jakin da anka kawo mani. Yanzu biyo ni, Dakta."

Ya sa aka haɗa tebur uku, ya jera takarduna bi da bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta riƙa takawa tana karantawa, shi kuma yana nuni da gindin biro. "Nan yaf fara ba da dalili. Nan yak kwaikwayi littahi, na kama shi, dibi kunyar da yas sha. Nan yaf fara gardama da ni, bai da gaskiya amma ya fara. Ga idon koma nan, tun shekara ta biyu, layi ukku. Ga shi ya zama shahi guda. Ga shi na yage mai shi, ga shi ya sake." Ta kai ƙarshen tebur, ta yi mini tambaya biyar, na amsa. Ta mayar da tabarau, ta sa hannu.

Ta ce, "Malam, na janye maganata. Aikin yaron nan ya yi kyau ƙwarai."

Na dubi Malam. Na ce yau dai, a gaban Dakta, dole ya faɗa.

Ya ce, "Da saura."

Wallahi da ba don idon jama'a ba da na jefe shi da kwali.

Haka na sami takardata, Baba ya sauke filafili ya ba ƙanena, kifin Kainji ya yi asarar mai ciyar da shi. Malam kuwa har ya bar duniya bai yarda ya yi kuskure ba. In an tayar da zancen sai ya ce kwanon ne bai da kyau. Amma shi da Mista Yohanna sun shirya. Aka ci gaba da kundin kwamfuta, sai dai Mista Yohanna ya kafa doka cewa ba a share rubutun farko, kowane gyara a ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, kuma ya sayo kabad nasa na kansa ya rataya makullin a wuya.

Yau ni ma malami ne a kwaleji. Kundin ɗalibaina a waya yake, su ɗora aiki daga Shanga ko tsakiyar tafki in gani a ofis, in yi musu magana a kai su gyara. Ba a korar awaki, ba a shanya. Abu ne mai kyau, kuma da Malam na kusa da ban faɗi haka da ƙarfi ba. Sharaɗina ɗaya, wanda ya goge shirmensa na farko ya goge makinsa. Suna cewa ina da taurin kai. Ba su san komai ba.

Bara da Malam ya rasu na je gaisuwa. Da zan tafi Inna Kulu ta kira ni ciki, ta nuna mini wani kwali a bakin rumbu. "Naka na. Ya ce in ka zo a ba ka, ka rage muna kaya."

Kwali guda cur, ni kaɗai. Na zauna a tsakar gida na buɗe. Ashe bai rufe ƙunshina ba ranar da na bar kwaleji. Ga katin ɗaurin aurena, ya gyara shi da jan biro. Ga wasiƙun da na riƙa aiko masa, ga takardar da na gabatar a wani taro ban ma san ya samu ba, ga 'yar wasiƙar da na aiko da yana kwance, rubutun jan biron ya karkace don hannu na rawa, amma kalmomin nan biyu suna nan daram. Na yi dariya, na ce tsohon nan ko a gadon ciwo bai sassauta ba.

Sai na ga rubutu a cikin murfin tsohon ƙunshin, ta gefen da ba a buɗewa, tawadar ta koɗe. Ya sa shekarar, muna aji biyu ke nan. Ga abin da ya rubuta:

"Wanga yaro ya iya. Kada a hwaɗa mai, shi daina ƙoƙari."

Na kifa kaina a kan kwalin nan mai warin kifi na yi kuka, da furfurata da komai, Inna Kulu na cewa in yi haƙuri. Shekara ashirin da wani abu ina jiran maganar, ashe tana rumbu.

Allah ya jiƙan Malam Ɗan'ige, ya yafe masa kurakuransa, har da na kwano. Bai taɓa yar da takardar ɗan kowa ba, ya Allah kada ka yar da ko ƙwayar alheri ɗaya tasa. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka faɗa masa abin da shi ya ƙi faɗa mana. Amin.